Rumbun Tsimin Barmo

Barmo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izininsa tun daga kakanni. Ni na ce shi bawana ne, shi ya ce ni ce baiwarsa, har furfura ta fito mana ba wanda ya raba gardamar. Gajere ne, siriri, da ɗan gemu tsirit. Duk abin da Allah ya rage masa a jiki ya mayar masa a murya. In Barmo yana magana a gindin aduwar masallaci, mata a bakin rijiya suna jin komai ba tare da sun ajiye guga ba.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Ollelewa, kuma tun muna yara aka san shi da cika baki. Sau ɗaya ya taɓa zuwa cin rani Agadas yana saurayi, ya dawo da rediyo da tari, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya nuna wa Buzaye hanyar Bilma. Ya auri Fatimatu, mace marar hayaniya, wadda ta gane tun da wuri cewa maganar gidan ta ishi mutum ɗaya ya yi. Sun haifi maza biyu, dukansu suna arewa wurin haƙar zinariya, sai dai a ji muryarsu a waya. Abu ɗaya ne ban taɓa iya zolayarsa a kai ba, shi ne noma. Barmo manomi ne na gaske. A ƙuruciyarsa in ya kama hauya sai ka tausaya wa ciyawa.

A shekarun da ruwa ya yi kirki ya kafa rumbun tsimi, wato rumbun da ba a taɓawa sai shekarar da ta ɓaci. Rumbunan kowa a bayan gari suke jere. Shi ya ce nasa ba zai kwana a waje kamar jaki ba, ya kafa shi a tsakar gida, babba, har jinkarsa ta fi ta ɗakinsa tsayi. Ya cika shi da damman hatsi, wato gero, ya rufe. A wurinmu rumbun namiji asirinsa ne. Mace ba ta leƙa na mijinta, ɗa ba ya leƙa na ubansa, maƙwabci ko tsani ba ya taɓawa. Mai shi kaɗai ke hawa ya ɗaga jinka, shi kaɗai ya san inda hatsi ya tsaya. Daga nan aka fara kiransa Barmo Mai Tsimi, kuma sunan ya fi masa tuwo daɗi. In ana shawarar gari shi ake ba tabarmar gaba. In wani ya ce yunwa za ta kore shi zuwa Aljeriya, sai Barmo ya nuna jinkar nan da haɓa, ya ce muddin wannan tana tsaye ba mai barin gari.

Sai shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi yana bunni, ɗan abin da ya tsira tsutsa ta bi shi. Kafin damina ta gaba ta yi nisa, gidaje da dama sun koma dafa ganyen tafasa da rana. Ba wanda ya je wurin Barmo roƙo, don Badamarge, mutumin yankinmu, ya gwammace ya ɗaure ciki da ya buɗe baki. Shi ma bai jira a zo ba. Da hantsi, lokacin da kowa yake gona ana noma, gari ya zama ba kowa sai awaki, sai ya ɗora dami a kan jaki, ya bi bayan gidaje, ya tura ta kan danga ya wuce. Ka dawo daga gona da yunwa ka tarar da dami a bayan ɗakinka. Yakan kwance ɗaurinsa ya sake ɗaurewa da kara don kada a gane, amma ya manta jakinsa gurgu ne, sawunsa ko makaho ya shafa ya san shi. Da aka yi masa godiya ya ce bai san zancen ba, wataƙila aljanu ne. Ni gidana sau da yawa aljanun nan suka zo, lokacin mijina yana kwance ba lafiya.

Rumbu bai sake cika ba. Shekarun da suka biyo baya kowace da nata ciwon, ƙarfinsa ya ragu, ƴaƴansa ba sa nan, abin da ya noma da kyar yake isar ƙaramin rumbun ci da ke bayan gari. Na tsakar gida kuwa ba komai a ciki sai iska da gizo-gizo. Amma Barmo bai rage ko kalma ɗaya daga cika bakinsa ba. Kowace kaka sai ya sake wa rumbun sabuwar jinka, ya hau, ya leƙa ya daɗe, ya sauko yana gyaɗa kai kamar wanda lissafi ya yi wa daɗi.

Kaji ne suka fara tona shi. Rumbu mai hatsi kullum ɓera yana gwaguyar zangarniya, tsaba tana zubowa ƙasa, kaji suna wuni a gindinsa. Na Barmo sai kajin suka kwashe suka koma gindin turmi. Da ya lura, ya fara watsa musu ɗan abinci a ƙarƙashin rumbun in ya ga ba kowa. Kajin suka dawo. Sai dai bawan nawa dawa yake watsa musu, a gindin rumbun da duk gari ya san hatsi zalla aka zuba. Fatimatu ta gani ta yi shiru. Na gani, na ciji leɓe har ya kusa jini, ni ma na yi shiru. A ƙarshe ba babba ba yaro, kowa ya san rumbun Barmo fanko ne, kuma kowa ya san cikin wa hatsin ya shiga. Shi kaɗai ne bai san an sani ba. Muka bar shi a haka, don sunan nan shi ne abin da ya rage masa, kuma da ranar da za a buɗe rumbun a gaban jama'a gara ranar mutuwarsa.

Bakinsa ne ya jawo masa. Bayan kakar bara aka ce wasu buhunan hatsin taimako da aka turo wa mangazar yankinmu, wato siton hukuma, sun yi ɓatan dabo. Ana cikin wannan zance Barmo ya je kasuwar Tanut, ya zauna wurin mai shayi, ya ce shi ko a jikinsa, abin da ke tsakar gidansa ya fi na mangaza, kuma shekara da shekaru ba idon da ya ga cikinsa. Wani kunne ya ɗauka ya kai inda ake so.

Ranar da motar jandarma ta tsaya a ƙofar gidansa ina ciki, ina taya Fatimatu tankaɗe. Su biyu suka shigo tare da mai gari: ajidan, wato shugabansu, babban mutum mai furfura a gefen kai, da wani saurayi wanda kakinsa ko karin guga bai saki ba. Saurayin bai gama amsa sannu da zuwa ba ya hango tsani, ya jingina shi da rumbu, ya ɗora ƙafa. Na dubi Barmo. Ban taɓa ganin mutum ya ƙanƙance a tsaye haka ba. 

Ajidan ya ce wa saurayin ya sauko. Ya juyo ya gaida Barmo yadda ya kamata, ya faɗi abin da ya kawo su, sannan ya ce, "Baba, ka yarda mu duba rumbun nan?"

Barmo ya dubi mai gari, ya dubi ajidan. "Ranka ya daɗe, da ka ce na yarda, ashe akwai rashin yarda a ciki?"

Na ga ajidan ya ja numfashi irin na wanda ya san ya saya wa kansa doguwar tafiya. Amma mutumin kirki ne, bai ɓoye ba. Ya ce babbar dokar ƙasa ta ba gidan kowa hurumi, na talaka da na mai hali. A irin wannan bincike, inda ba a kama mutum da kaya a hannu ba, ba su da ikon buɗe masa komai a cikin gida sai ya yarda, ko kuma su zo da izinin mai shari'a. Ya ƙara da cewa yarda ta fi sauƙi ga kowa, in ba komai a ciki yanzu za su leƙa su tafi.

Wannan "in ba komai a ciki" shi ne ya ƙarasa Barmo. Ya ce, "To ban yarda ba."

Da ya ji maganar ta fita kuma sama ba ta faɗo ba, sai jini ya dawo masa. Ya gyara hula. Muryar ta dawo da ƙarfinta har da riba. Ya shiga yi wa saurayin bayanin dokar da shi kansa bai taɓa ji ba sai yanzu, ya ce ai tun yana Agadas ya san ta, ya ce kakansa ma da ita ya kori wani Nasara. Saurayin ya fusata, ya ce to a ƙalla su tafi da tsanin. Ajidan ya ce ko tsinke ba za su ɗauka ba, tsani ba a ce an sace shi ba. Sai ya ce wa Barmo ƙin yarda haƙƙinsa ne, amma ya sani lokaci kawai ya saya. Ya ce ya zo biro, wato ofishinsu, ranar Laraba ya ba da bayaninsa, in mai shari'a ya ba da izini su dawo tare a buɗe a gabansa da gaban shaidu. Ya roƙi mai gari ya sa ido kada a fitar da komai daga gidan. Mai gari ya ɗauki alkawari.

Gari ya ɗauka Barmo ya kori jandarma, shi ma ya wuni yana karɓar gaisuwa. Amma da yamma na koma ɗaukar rariyata na same shi zaune a gindin rumbun shi kaɗai, kaji suna tsattsage a gabansa bai ko kore su ba. Na tsokane shi na ce bawana ya zama lauya. Bai rama ba. A rayuwata ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina. Dabara ba ta da wurin shiga: ko ya kwaso na rumbun ci, a idon gari zai ratsa da shi, kuma ko gindin babban ba zai rufe ba. Fatimatu ta ce mini a kwanakin nan tuwo yake komawa yadda ta kai shi.

Ranar Laraba ya sa babbar rigarsa ta Sallah ya hau motar kasuwa. Ƙurar motar ba ta kwanta ba Fatimatu ta shigo gidana. Matar da shekara da shekaru ban ji ta fara magana ba, ita ta fara. Ta ce ita ba ta san doka ba, amma ta ji ajidan ya ce sai da yardar masu gida, kuma ita ma a gidan take. Ta yarda.

Na ɗaura zane na shiga gari. Ban yi wa kowa dogon bayani ba, na ce kawai aljanun nan na shekarar yunwa suna bukatar a mayar musu da ziyara. Mai gari ya ce shi an ce ya hana fitarwa, kuma zai zauna a ƙofar gida ya tabbatar ba a fitar ba. Kafin rana ta take, hanyar bayan gari ta cika da jakuna da amalanke da mata masu dami a ka. Kakar ba ta yi wani abin kirki ba, kowa a ƙididdige yake ci, amma mai ɗaya ya kawo, mai hali ya ninka. Wata tsohuwa da ba ta da gona ta zo da zangarniyar kala a ƙunshe cikin zane.

Sai aka tsaya cirko-cirko a gindin tsani. Wa zai hau? Duk wanda ya ɗaga jinkar nan ya ga abin da bai kamata ya gani ba, kuma gobe zai haɗa ido da Barmo a masallaci. Maza suka fara duban ƙafafunsu. Allah ya kawo Almustafa, wani Buzu makiyayi da ke sauka da raƙumansa a gonar Barmo duk rani tun suna samari. Ya ji abin da ake ciki, ya ce shi zai hau, shi da ma fuskarsa a naɗe take, kuma jibi ya yi arewa. Ya ja rawaninsa har ya kusa rufe ido, ya shiga. Aka yi ta miƙa masa yana jerawa. Da ya fito ba wanda ya tambaye shi komai, shi ma bai ce komai ba. Aka mayar da jinka, muka share sawun jakuna da tsintsiya, tunda mu mun fi Barmo wayo.

Washegari da hantsi suka iso, Barmo a bayan motar jandarma, rigar Sallah duk ta yamutse. Ajidan ya fito da izinin mai shari'a, ya karanta da Faransanci, ya mayar da Hausa: a duba rumbun da ke tsakar gida, a nemi buhunan mangaza masu tambari, ba wani abu ba. Jama'a ta cika gidan har kan danga. Barmo bai dubi kowa ba. Ya ce tunda doka ta zo da ƙafarta ba ya ja da ita, amma alfarma ɗaya yake roƙo, a bar shi ya ɗaga jinkarsa da hannunsa. Ajidan ya ce ya hau.

Ya hau a hankali kamar mai ciwon gwiwa. A saman tsanin ya tsaya, na ga leɓensa yana motsi. Ya tura jinka gefe, ya leƙa.

Ya daɗe a haka. Ni na san abin da yake gani, don a ƙasarmu dami yana da suna a jikinsa. Kowane gida da irin ɗaurinsa: wasu da rama, wasu da kaba, gidan liman ƙulli biyu suke yi, gidan maƙera suna murɗa bakin igiyar su cusa, mu kuma tun da idon mijina ya raunana da shuɗin zaren tsohon gidan sauro muke ɗaurewa. Barmo kuwa shi ake kira in an yi gardamar dami a bakin gona. Duk garin ne kwance a gabansa, gida gida. 

Da ya sauko ya yi wa saurayin nuni da hannu. Saurayin ya shiga da zafinsa, ya ɗaga wannan ya ture wancan, ya zura sanda har ƙasa, ya fito duk ƙaiƙayi yana susa, ba buhu ko ɗaya. Abin da ya samo kawai wani ƙunshin tabarma ne, aka kwance, sai ga cuku. Almustafa ba shi da hatsi, abin da yake da shi ya bari. Ajidan ya hau da kansa. Ya ciro zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannu, ya shinshina. Da ganin yadda ya murza ka san ɗan manomi ne, kuma ɗan manomi ba ya kasa bambanta sabon hatsi da wanda ya shekara a rumbu. Ya dubi ɗaurin damman, ya dubi taron da ke ƙasa, kowa ya ɗauke kai yana kallon kaji. Ya dubi mai gari, mai gari ya ce ko tsinke bai fita ba.

Ajidan ya sauko ya kakkaɓe hannu. "Buhu aka aiko ni nema, ban ga buhu ba. Baba, a yi haƙuri. Allah ya ƙara wa tsiminka albarka."

Ya sa aka mayar da cukun inda aka same shi, suka tafi. Buhunan ma daga baya aka ji wani direba ne ya sauke su a wani gari daban.

Na zata Barmo zai wuni yana cika baki. Bai fito ba, ko la'asar a gida ya yi. Sai da rana ta yi sanyi na ji sallama a ƙofar gidana. Mutumin da tun muna yara yake faɗo mini gida ba sallama ya buɗe tukunya, yau ya tsaya a waje. Na fito na same shi da guntun shuɗin zare a hannu, idonsa ja.

Ya ce, "Sakinatu, jandarma da bindigarsa sai da ya koma ya nemo izini. Ku wa ya ba ku izinin shiga rumbuna?"

Na ce, "Kai da jakinka gurgu, wa ya ba ku izinin bin bayan ɗakunanmu?"

Ya dubi zaren da ke hannunsa. Sannan ya tambaya, murya ƙasa ƙasa, tun yaushe aka sani. Na ce tun ranar da ya fara ba kajin hatsi dawa. Ya buɗe baki zai yi dariya, sai abin ya juye masa, ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ni ma ban san lokacin da hawayena suka zubo ba. Muka tsaya a ƙofar gida, tsofaffi biyu, ba wanda ya iya zolayar wani. Da ya samu kansa ya miƙo mini zaren, ya ce in faɗa wa mijina ɗaurinsa ba shi da kyau, daminmu ne kaɗai ya kwance.

Har yau yana gindin aduwa. Labarin ya girma a bakinsa, jandarmomin sun zama mota uku, shi kuma ya karanta musu doka tun daga farko har ƙarshe. Samari sun riƙe abu ɗaya daga ciki, cewa in mai kaki ya tsaya a ƙofarka kana iya tambayarsa izini, kuma wannan kam gaskiya ne. Amma tun daga ranar ban sake jin ya nuna jinkar nan da haɓa ya ce rumbuna ba. In zancen ya zo yakan ce rumbun nan namu, sannan ya yi sauri ya canza magana.